Lesoto: tafiyar ƙasa a kan duwatsu a lokacin ɗari

Lesoto ƙaramar ƙasa ce da Afirka ta Kudu ta kewaye ta ko ta ina. Sarki ne ke bisa gadonta, Letsie na Uku, babban birninta kuma Maseru. Faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 30,355 ba, amma ita kaɗai ce ƙasar duniya da babu inda ta yi ƙasa da mita 1,000 daga matakin teku; mafi kwarinta ma ya kai wajen mita 1,400. Wannan ne ya sa masu sha'awar tafiyar ƙasa da hawan dutse ke zuwa can, har a cikin watannin sanyi.

Da yake ƙasar tana kudancin duniya, ɗarinta yana faɗowa ne daga Yuni zuwa Agusta, daidai lokacin da damina ke kankama a Maraɗi da Damagaram. Ruwan sama kuwa daga Oktoba zuwa Afrilu yake zuba, tare da tsawa mai kashe mutane da dabbobi a kan tuddai, da ƙoramu masu cika ba zato. A lokacin ɗari duk wannan ya lafa: sama garau take, hanya busasshiya, ana hango nesa. Abin tsoron shi ne sanyi. Da rana mutum zai iya tafiya da riga mai kauri guda, amma da zarar rana ta faɗi, wajen ƙarfe biyar da ƴan mintoci, ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da sifiri, ruwan gora ya daskare. Dusar ƙanƙara kuma na iya rufe hanya cikin dare ɗaya.

Dutse mafi tsawo a ƙasar shi ne Thabana Ntlenyana, mai mita 3,482, wanda ya zarce Bagzan na Ayar da kusan mita 1,500. Ba ya buƙatar igiya ko wata gwaninta, tafiya ce ta yini guda, zuwa da dawowa, daga bakin mashigin Sani da ke kan iyaka. Sai dai gajeren yini da ƙarancin iska a wannan tsawo kan gajiyar da wanda bai saba ba, shi ya sa ake yin sammako. Shi kansa mashigin Sani, daga ɓangaren Afirka ta Kudu sai da kat-kat ake hawansa, kuma a kan rufe shi idan ƙanƙara ta kama hanya.

Wanda ba ya son wahala irin wannan yakan nufi Semonkong, a tsakiyar ƙasar. Can ne ruwan kogin Maletsunyane ke faɗowa daga tsawon mita 192. A tsakiyar ɗari feshinsa kan daskare ya taru a gindin dutsen. Akwai kuma Malealea a kudu maso yamma, inda ake shirya tafiyar kwanaki daga ƙauye zuwa ƙauye, da gandun Sehlabathebe, wanda ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013.

A irin wannan tafiya, doki da ɗan jagora sun fi kowane kayan kanti muhimmanci. Dokin Basoto gajere ne, ƙafarsa ba ta zamewa a kan dutse, kuma a ƙauyuka da yawa har yau shi ne mota. Shi ke ɗaukar kaya, mutum na biye a ƙasa ko a kansa. Jagoran kuwa ɗan wurin ne: ya san wace hanya ce ƙanƙara ke toshewa, ya san gaisuwar da ake yi wa mai gari kafin a nemi masauki. Hanyoyin ba su da alamomi sosai, waya ma ba ko'ina take kamawa ba. A lokacin ɗari makiyaya da dama sun sauko da garkensu daga manyan tuddai, saboda haka wanda ya ɓace a can sama zai iya yini bai ga mai nuna masa hanya ba. Baƙon da ya ƙi biyan jagora don ya rage kuɗi, da ransa yake ciniki.

Masaukin ɗaki ne mai da'ira, na dutse da jinka. Abinci tuwon masara ne da ake kira papa, da ganye. Itace ya yi ƙaranci a tuddai, don haka da busasshen kashin shanu ake hura wuta, kuma bai kamata a kwana da garwashi a ɗaki rufe ba, hayaƙinsa na kisa.

Mutanen ƙasar da bargon ulu suke yafawa, a ɗaure shi da babban fil a kafaɗa, wasu su ƙara da hular da ke rufe fuska. Baƙi da yawa kan zo da rigunan sanyi masu tsada, kwana biyu sai a gan su a kanti suna tambayar kuɗin bargon. Ana biya da loti, kuɗin ƙasar, ko da rand na Afirka ta Kudu, darajarsu ɗaya.