Cibiyar Asele

Cibiyar Asele cibiyar zane-zane da al'adu ce da mai zane Uche Okeke ya kafa a 1958 a Kafanchan, inda ya yi firamare. A lokacin yana ɗalibi a kwalejin Zariya, inda malamai Turawa ke koyar da ƙa'idar zane da Leon Battista Alberti ya rubuta a Italiya a 1435: abin da ke nesa ya ƙanƙance, layuka su haɗu a ɗigo guda, sai ka ce ta taga kake leƙe. Okeke ya koye ta, ya gwama dabarun zanen Turawa da uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, kuma nan gwanintarsa ta fito. Daga baya cibiyar ta koma garin Nimo.