Zare: Mamman Sani na Yamai da tarihin mai fiyano a waƙarmu

1/
Satin da ya wuce na je biki a Mafara. Ana cikin sa waƙa a sifika, wani kawuna ya ja tsaki ya ce: "Ɗana, fiyanon nan ita ta kashe mana kiɗi." Ban yi musu da shi ba, ba a musu da kawu a gaban mutane. Amma maganar ta tsaya min, shi ya sa na buɗe zaren nan.

2/
Kawu yana da hujja, ku ma kun sani. Yankinmu ne ya haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo: asalinsa ƙasar Bakura, sunansa ya tafi da Maradun, ya rasu a 1991. Ga Sa'idu Faru, makaɗin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo tun yana hakimci a nan Talata Mafara. Wanda ya tashi yana jin kotso, ai dole na'ura ta yi masa lami a kunne.

3/
To amma wa ya fara ɗora waƙoƙin yankin nan a kan fiyano, kuma da wace niyya? Yawancinmu za mu ce 'yan fim na Kano. Akwai wanda ya riga su da kusan shekara 20, kuma ba nesa ba, nan Nijar. Sunansa Mamman Sani Abdoulaye.

4/
An haife shi a Gana, ya tashi a Nijar. Ba gidan makaɗa ya fito ba. Ɗan boko ne, ya yi koyarwa, ya zo ya yi aiki da UNESCO. Wannan kaɗai ya isa a tsaya a duba, domin a tsarinmu na da, kiɗi gado ne. Ɗanƙwairo a wajen mahaifinsa ya gaji kiɗi. Mamman Sani kuwa da kuɗinsa ya sayi abin kiɗansa.

5/
A shekarun 1970, a wajen wani taron UNESCO, wani wakili daga Ruwanda ya zo da fiyano mai aiki da lantarki, irin wadda ake kira ogan, ƙirar kamfanin Orla na Italiya. Mamman ya ji sautinta, ya nace har mutumin ya sayar masa. Ya kawo ta Yamai.

6/
Nan ne wajen da nake so ku lura. Da ya samu na'urar Turawa, bai zauna yana kwaikwayon waƙar Turawa ba. Ya koma kan waƙoƙin gargajiya na ƙasarsa, na Fulanin Wodaɓe da na Buzaye, yana juya su. Hannu ɗaya ya riƙe zubin kiɗan, ɗaya hannun yana yin abin da muryar mawaƙi za ta yi. Mutum ɗaya ya zama makaɗi, ya zama mawaƙi, ya zama 'yan amshi.

7/
A 1978 ya shiga situdiyon gidan rediyon ƙasar Nijar ya ɗauki kundinsa, La Musique Électronique du Niger. Dabarar ita ce ɗauka kan ɗauka: ka buga kashi na farko a naɗe, sannan a sake kunna maka shi ka buga na biyu a samansa. Abin da yaran situdiyo ke yi yau da kwamfuta a minti biyar, shi a kan tef ya yi, inda kuskure ɗaya zai sa a koma farko.

8/
Akwai waƙa a ciki mai suna Salamatu. Ku nema ku saurara da daddare, da abin ji na kunne. Ba ta hayaniya, ba ta gaggawa. Ni dai farkon da na ji ta sai da na maimaita sau uku, ina mamakin wai wannan ta girmi yawancin malaman da ke koyar da ni.

9/
An shirya fitar da kundin a kaset tare da ma'aikatar al'adu, aikin bai tafi yadda aka so ba, kaset ƙalilan ne suka fita. Amma kiɗansa ya shiga rediyo da talabijin na Nijar, ana sa shi tsakanin shirye-shirye. Mutane suka tashi da shi a kunne.

10/
Sai aka yi shekaru sama da 30. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da kaset ɗin a ma'ajiyar gidan tarihi na Yamai. Ya nemo Mamman, aka sake fitar da kundin a 2013. Daga baya aka fitar da Taaritt, wanda ya ɗauka a shekarun 1980, da wasu tef-tef da ba su taɓa fita ba. Ya je Turai yana wasa bayan ya haura 60.

11/
Ina jin daɗin labarin, kuma yana ba ni haushi. Daga nan zuwa Maraɗi tafiyar yini ce, amma sai da kiɗan ya bi ta Amurka kafin ya iso wayata.

12/
Mu dawo gida. A Kano, bayan Turmin Danya a 1990, fim ya buƙaci kiɗa mai araha. Ɗaukar makaɗa biyar ko shida zuwa situdiyo kuɗi ne. Fiyanon Yamaha, jerin PSR, ta zo da sautuka a cikinta da za a iya lanƙwasawa su yi kama da sarewa, goge ko ganga. Situdiyon Iyan-Tama na cikin waɗanda suka fara aiki da ita a shekarun 1990. Da Sangaya ta fito a ƙarshen shekarun nan, magana ta ƙare, kowa ya koma fiyano.

13/
Daga nan mai fiyano ya tashi daga mai rakiya ya koma mai gida. Mawaƙi zai zo da baiti da ɗan karin murya, amma mai fiyano ne zai yanke saurin waƙa, inda amshi zai shigo, inda muryar mace za ta karɓa. A zahiri furodusa ne, kuma rabin waƙar tasa ce. Wasu daga nan suka fara rubuta nasu. Shi kansa Adam A. Zango ta ƙofar haɗa kiɗa ya shigo masana'antar kafin a san shi a fim.

14/
Yanzu gwaji. Ɗauki waƙar Hausa biyar da ka fi so a wayarka. Ka san mawaƙan duka. A cikin biyar ɗin, nawa ka san wanda ya buga kiɗan? In ka san biyu ka yi ƙoƙari, galibi ma don mawaƙin ya kira sunansa ne a cikin waƙar.

15/
Kuma wannan ba laifin zamani ba ne kaɗai. Mu da muke tutiya da Ɗanƙwairo, mutum nawa ne cikinmu zai iya lissafo masu kotso da 'yan amshin da ke bayansa? Ba su, waƙar ba za ta tsaya ba. Tun da can wanda ke gaba muke riƙewa.

16/
Inda na yarda da kawu: fiyano ta rage wa makaɗan gargajiya abinci, wannan gaskiya ne. Biki da yawa yau sifika ce da filashi. Kuma kasala ta yi yawa, zubi ɗaya a yi waƙa ashirin a kansa. Inda ban yarda ba: cewa na'urar ce mai laifi. Mamman Sani da tsohuwar ogan ɗaya ya yi abin da har yau ake saye.

17/
Abin da ke damuna yanzu shi ne tef. Kaset ɗin Mamman ya tsira ne don wani ya ajiye shi a gidan tarihi. Kiɗan situdiyon Kano na farko-farko fa, yana ina? Kaset-kaset na makaɗan Maradun da Bakura da ke cikin akwatunan iyayenmu, zafi da ƙura na cin su.

18/
Akwai buhu ɗaya na kaset a ɗakin kawun nan nawa. Na roƙe shi ya ba ni in juya su zuwa waya a hutun nan, ya ce sai na rantse zan dawo masa da su cif. Matsalar, ba ni da rediyo mai cin kaset. In akwai mai ita a Mafara ko Gusau, mai aiki, ya yi min magana ta akwati.