Rasuwa ta dalilin sakaci: abin da dokar Nijar ta ba iyalin mamaci damar nema

Idan mutum ya rasu saboda gangancin wani, iyalai da yawa a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai sukan tsaya ga haƙuri da addu'a, su ce kwana ne ya ƙare. Bayan an watse daga zaman makoki sai a bar mata da marayu da ɗawainiyar ci da sha, haya da kuɗin makaranta. Dokar Nijar ta ba waɗannan iyalai damar neman diyya daga wanda ya jawo rasuwar, ko daga wanda yake da alhakin biya a madadinsa. Ga bayanin hanyoyin da ake bi, takardun da ake nema da wa'adin da bai kamata a bari ya wuce ba.

Me doka take kira sakaci?

Dokar hukunta laifuka ta tanadi ɗauri da tara ga wanda ya yi sanadin mutuwar wani ba da niyya ba, ta hanyar rashin iya aiki, ganganci, rashin lura, sakaci ko ƙin bin ƙa'ida. A faransanci ana kiran laifin *homicide involontaire*. Direban da ya yi gudun wuce kima, mai gini da ya bar rami a buɗe a bakin hanya, ko mai gidan aiki da ya sa lebura aiki mai haɗari ba da kayan kariya ba, duk suna iya shiga cikin wannan.

Maganar biyan diyya kuma tana cikin kundin dokokin hulɗar jama'a (Code civil). Aya ta 1382 da ta 1383 sun ɗora wa duk wanda ya cutar da wani, ko da ta hanyar sakaci ne, nauyin gyara ɓarnar. Aya ta 1384 ta ƙara da cewa mutum yana ɗaukar alhakin abin da ma'aikatansa suka yi a bakin aiki, da ɓarnar da abin da ke hannunsa ya jawo. Aya ta 1385 ta shafi mai dabba, ta 1386 kuma ta shafi mai ginin da ya rushe saboda rashin gyara ko kuskuren gini.

A gaban alƙali, iyali suna buƙatar nuna abu uku: an yi kuskure ko akwai wani tushen alhaki, iyalin sun yi asara, kuma wannan abin ne ya jawo rasuwar. Na ukun shi ne ya fi ba da wahala, shi ya sa takardar likita mai bayyana sanadin mutuwa take da muhimmanci ƙwarai.

Hanyoyi biyu na zuwa kotu

Hanya ta farko ita ce shari'ar laifi. Ana kai ƙara wajen ƴan sanda, jandarma, ko kai tsaye ofishin mai shigar da ƙara da sunan gwamnati (procureur). Idan aka gurfanar da wanda ake zargi, iyali sukan shiga shari'ar a matsayin masu neman diyya (partie civile), alƙali ya yanke hukuncin laifi da na diyya a shari'a guda. Amfanin wannan hanya shi ne hukuma ce take gudanar da bincike. Idan procureur ya ajiye ƙarar, iyali suna iya kai ta gaban alƙali mai bincike, bayan sun ajiye kuɗin da ya ƙayyade.

Hanya ta biyu ita ce ƙarar neman diyya kaɗai. A nan iyali ne suke kawo hujjojinsu. Idan akwai shari'ar laifi da ke gudana a kan lamarin, wannan ƙarar takan jira sai an yanke waccan.

Akwai manyan kotuna (tribunal de grande instance) a Yamai, Maraɗi, Damagaram, Tawa, Birnin Ƙonni, Dosso, Agadas, Arlit, Diffa da Tillaberi, sannan akwai ƙananan kotuna a gundumomi.

Haɗarin mota da babur

Wannan fanni yana da tsarinsa na musamman. Nijar tana cikin ƙasashe 14 na ƙungiyar CIMA, wadda aka rattaba hannu a kan yarjejeniyarta a Yaounde ranar 10 ga Yulin 1992. Kundin dokokin inshorarta, wato asurans, ya fara aiki a 1995. Aya ta 200 ta wajabta wa kowane abin hawa mai inji, har da babur da adaidaita, yin asurans na ɓarnar da zai iya yi wa wasu.

A ƙarƙashin wannan kundi, fasinja da mai tafiya a ƙasa ba a rage wa iyalinsu diyya saboda kuskuren mamacin, sai in da gangan ya nemi abin ya same shi. Direba kuwa, kuskurensa yana iya rage diyyar ko ya soke ta. Asurans na dole ba ya biyan direban abin hawan da kansa. Iyalin ɗan kabu-kabun da ya rasu za su nemi hakkinsu ne wajen asurans na ɗaya motar da aka yi karo da ita, gwargwadon laifin kowa.

Ƴan sanda ko jandarma ne suke rubuta rahoton haɗari (procès-verbal), kuma su ne ya kamata su aika wa kamfanin asurans. Kamfanin ne doka ta ɗora wa nauyin yi wa magada tayin biya, a cikin wa'adin da kundin ya ƙayyade daga ranar rasuwa. Idan ya yi jinkiri, akwai kuɗin jinkiri da ake ƙarawa a kan diyyar. Bayan sa hannu, magada suna da kwana 15 na janye amincewarsu ta wasiƙa mai rajista idan ba a bi ƙa'idar kundin ba. Ana zuwa kotu a kan diyyar bayan wa'adin tayin ya cika ba a daidaita ba. Aya ta 256 ta ce damar ƙara tana faɗuwa bayan shekara 5 daga ranar haɗarin.

Yadda ake lissafin diyyar haɗari

Kundin CIMA ya tanadi abu uku ga iyalin mamaci.

Na farko, kuɗin jana'iza, bisa rasit ɗin abin da aka kashe, kuma da iyakar da ba a wucewa.

Na biyu, asarar abin da mamaci yake shigowa da shi gida. Ana duba abin da yake samu a shekara. Idan babu takardar da ta tabbatar da shi, kamar yadda yake ga yawancin manoma, ƴan tireda da masu sana'ar hannu, ana amfani da albashi mafi ƙanƙanta na ƙasa (SMIG). A Nijar an ɗaga shi daga sefa 30,047 zuwa sefa 42,000 a wata tun Janairun 2024, wato sefa 504,000 a shekara. Idan ƴaƴan da ke wuyansa ba su wuce huɗu ba, mata suna da kashi 40 cikin ɗari, ƴaƴa kashi 30, iyaye kashi 5. Idan sun wuce huɗu, mata suna da kashi 35, ƴaƴa kashi 40, iyaye kashi 5.

Misali, magidanci mai mata biyu da ƴaƴa biyar ƙanana, wanda ba shi da takardar albashi: rabon matan shi ne sefa 176,400 a shekara, kowace 88,200. Na ƴaƴan 201,600, kowane 40,320. Na iyayensa 25,200. Daga nan sai a ninka rabon kowa da wani adadi da ke cikin jadawalin kundin, wanda ya danganta da shekarun mai karɓa, a biya shi dunƙule. Jariri yakan fi saurayi samu, domin shekarun da suka rage masa na reno sun fi yawa. Jimillar abin da iyali duka za su karɓa tana da iyaka.

Na uku, diyyar baƙin cikin rashi. Miji ko mata suna da kashi 150 cikin ɗari na SMIG na shekara, wato sefa 756,000 a lissafin yanzu. Ƴaƴa ƙanana, ƴaƴa manya, iyaye da ƴan'uwa na jini kowa yana da nasa kaso da bai kai wannan ba. Idan matan suna da yawa, abin da za su karɓa a haɗe yana da iyaka.

Wannan rabo ya bambanta da rabon gado: ɗa namiji da ɗiya mace kasonsu ɗaya, domin doka tana biyan asarar da kowannensu ya yi ne. Ɗan riƙon da aka tabbatar yana zaune a gidan kuma mamaci ne yake ciyar da shi, shi ma ana lissafa shi kamar ɗa.

Idan motar ba ta da asurans, iyali suna neman hakkinsu daga direba da mai motar. Idan kuma haɗarin ya faru ne a ƙetaren iyaka, kamar hanyar Jibiya zuwa Katsina, dokar Najeriya ce take aiki, domin Najeriya ba ta cikin CIMA.

Rasuwa a wurin aiki

Ma'aikacin da ya rasu a bakin aiki, ko a kan hanyarsa ta zuwa aiki ko komawa gida, lamarinsa yana hannun asusun CNSS. Mai gidan aiki ne ya kamata ya sanar da haɗarin cikin awa 48. Asusun yana taimakawa da kuɗin jana'iza, sannan yana biyan mata, ƴaƴa da iyayen da ke wuyan mamaci wani kaso na albashinsa lokaci-lokaci. A nan ba a buƙatar iyali su nuna laifin mai gidan aiki. Idan ya ƙi sanarwa, ko bai taɓa yi wa ma'aikacin rajista ba, iyali su kai maganar ofishin sufeton ƙwadago (Inspection du travail) da CNSS da kansu, tare da shaidun da suka san mamaci yana aiki a wurin.

Asibiti da ma'aikatun gwamnati

Likita ba ya ɗaukar alkawarin warkarwa. Abin da doka take nema gare shi shi ne kulawa bisa ƙa'idar aikinsa. Saboda haka rasuwar majinyaci kaɗai ba ta isa hujja ba. Sai an nuna kuskure, kamar ba da maganin da bai dace ba, ƙara jinin da bai yi daidai ba, ko barin mai naƙuda ba kulawa. Alƙali yakan naɗa wani likita ƙwararre ya duba takardun jinya ya ba da rahoto. Ya kamata iyali su adana katin asibiti, takardun magani da sakamakon gwaji, su rubuta ranaku da lokuta tun abin bai shige musu ba.

Idan asibitin na kuɗi ne, ana ƙarar asibitin ko likitan a kotun da aka saba. Idan na gwamnati ne, ko wata ma'aikatar gwamnati ce ta yi sakacin, ana fara rubuta wa hukumar takardar neman diyya, sannan a je gaban alƙalin da ke shari'a tsakanin jama'a da hukuma. Wa'adin wannan hanya gajere ne, don haka ganin lauya da wuri shi ne mafita.

Takardun da ake nema

- takardar rasuwa daga ma'aikatar magajin gari
- takardar likita mai bayyana sanadin mutuwa
- rahoton ƴan sanda ko jandarma
- hukuncin kotu mai tabbatar da magada, da takardar zaman iyali da ta nuna wakilinsu
- takardar aure, takardun haihuwar ƴaƴa da katin ɗan ƙasa na manya
- takardar shaidar cewa magadan suna raye
- shaidar abin da mamaci yake samu: takardar albashi, ta haraji ko ta banki
- rasit na kuɗin asibiti da na jana'iza

Rashin takardar aure da ta haihuwa shi ne yake yawan tsayar da dosiye. Auren da aka ɗaura a masallaci ko a ƙofar gida ba a yi masa rajista ba, ana iya tabbatar da shi a kotu da shaidu, a samu hukuncin da zai tsaya a matsayin takardar. Haka ma haihuwa da rasuwar da aka makara wajen sanarwa.

Sulhu, diyyar addini da yafiya

A fiƙihun Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa, kisan kuskure yana wajabta diyya, wadda asalinta raƙuma 100 ne, dangin wanda ya yi kisan su biya cikin shekara 3, a raba ta kamar gado. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ce tushen hukuncin, kuma ta ba magada damar yafewa. Kotunan Nijar suna bin al'adar mutane a sha'anin aure da gado, amma diyyar haɗari da hukuncin laifi suna bin rubutacciyar doka.

Sarakunan gargajiya suna da ikon yin sulhu a rigingimun jama'a, sai dai ba su yanke hukuncin laifi. Yafiyar iyali ba ta ɗaure hannun procureur, yana iya ci gaba da tuhuma. Haka kuma yafe wa direba a zuci ba ya hana karɓar kuɗin asurans, domin kamfani ne yake biya daga kuɗin da aka riga aka zuba masa saboda irin wannan rana. Abin kiyayewa shi ne sa hannu a takardar da ta ce iyali sun bar duk wata nema. Hakkin ƙananan yara kuwa doka ta kewaye shi da kariya: kawu ko baffa ba ya yafe shi ko ya karɓe shi shi kaɗai ba tare da izinin waɗanda doka ta ba riƙon yaran ba.

Inda ake samun taimako

Hukumar ANAJJ, wadda doka mai lamba 2011-42 ta 14 ga Disamban 2011 ta kafa, tana ba da shawarar shari'a kyauta, tana kuma samar wa marasa hali lauya. Tana da ofisoshi a manyan kotuna. Wanda kamfanin asurans yake ja wa rai yana iya kai kuka ofishin sa ido kan kamfanonin asurans da ke ma'aikatar kuɗi ta ƙasa.

Akwai masu shiga tsakani da sukan zo gidan makoki su ce za su bi dosiye, su nemi a rubuta musu wakilci, daga baya su cire kaso mai tsoka. Kafin a ba kowa wakilci, a rubuta ladansa a takarda, a nemi ganin tayin kamfanin da ido, wanda ya kamata ya nuna rabon kowane magaji da sunansa. A riƙe kwafin kowace takarda a gida, kuma duk abin da aka kai ofis a karɓi shaidar an kai shi mai ɗauke da kwanan wata, domin da ita ake ƙirga wa'adi idan magana ta kai gaban alƙali.