Gaisuwa da Ziyarar Sallah a Ƙasar Gobir: Tarihin Zumunci a Sabon Birni da Isa

Sabon Birni da Isa ƙananan hukumomi ne biyu da ke kusurwar arewa maso gabashin Jihar Sakkwato, a yankin da kogunan Bunsuru da Gagare suke haɗuwa su zama gulbin Rima, ga Jamhuriyar Nijar daga arewa, ga kuma ƙasar Shinkafi ta Jihar Zamfara tana maƙwabtaka da su. Masana tarihi sun fi mayar da hankali kan yaƙe-yaƙen wannan yanki da jerin sarakunansa, amma akwai wata al'ada da ta daɗe tana riƙe da jama'arsa ba tare da an ba ta muhimmanci a rubuce ba, wato doguwar gaisuwa da ziyarar da ’yan uwa da abokai kan yi wa juna, musamman a lokutan Sallah, inda ake tambayar lafiya da iyali da dabbobin gida. Wanda bai san ƙasar ba zai ɗauki wannan a matsayin ɓata lokaci, alhali kuwa ta wannan hanya ce mutanen da yaƙi da kan iyaka suka rarraba suke sanin halin da junansu ke ciki, suke kuma sabunta haƙƙin da ke tsakaninsu.

Gobirawa mutane ne da tarihinsu ya cika da ƙaura. Tarihin baka ya nuna sun gangaro daga ƙasar Azbin, suka zauna a Birnin Lalle, kafin Sarki Babari ya ci ƙasar Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18 ya kafa Alkalawa a bakin Rima, birnin da kufansa yake cikin ƙasar Sabon Birni ta yau. Alkalawa ta faɗi a hannun masu jihadi a 1808, aka kashe Sarki Yunfa, sannan a 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi galaba a yaƙin Gawakuke inda Sarkin Gobir Ali ya rasa ransa, abin da ya sa ragowar gidan sarauta suka koma arewa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi a ƙarƙashin Mayaƙi. Bayan wannan ma gidan ya sake rabuwa, domin a zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku (1859 zuwa 1866) Ɗan Halima ya ɓalle daga Tsibiri ya kafa Sabon Birni da goyon bayan Sakkwato. Ita kuwa Isa ribaɗi ce, wato garin tsaron kan iyaka da Daular Usmaniyya kan zaunar da mayaƙa da malamai a cikinsa, kuma sarautarta, mai laƙabin Sarkin Gobir, tana hannun zuriyar Muhammadu Bello. Sakamakon wannan duka shi ne da wuya a sami gida a yankin da ba shi da dangi a wani garin da a dā ake ɗaukarsa na abokan gaba.

Ita kanta Sallah ta daɗe da zama lokacin da ake auna dangantaka a ƙasar Gobir, tun daga fada har zuwa ƙauye. Misali mafi shahara shi ne taron Babbar Sallah da Sarki Bawa Jangwarzo ya kira a Magami wajen 1788, inda ya tara malaman ƙasarsa ya raba musu kyautai, amma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi maimakon haka a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a mutunta masu rawani, a saki fursunoni, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Abin lura a nan shi ne gaisuwar Sallah ce ta buɗe ƙofar wannan magana, domin ranar idi rana ce da na ƙasa yake da damar isa gaban na sama, wanda aka daɗe ba a gani ba kuma dole ne ya bayyana ko a tambayi dalili. Wannan tsari ya ci gaba a ƙarƙashin Daular, ya kuma wanzu a zamanin En'e, inda dagatai da masu unguwanni kan hau dawaki su je gaida uban ƙasa, rashin zuwan mutum kuma a fassara shi da ciwo ko fushi.

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, kuma yarjejeniyoyinsu da Faransa na 1904 da 1906 ne suka tsaida iyakar da aka auna aka kafa alamunta tsakanin 1906 da 1908. Layin ya bar Tsibiri da Gidan Runji da Madawa a hannun Faransa, Sabon Birni da Isa kuma a hannun Ingila, ya zamana Gobir ɗaya tana biyan haraji ga gwamnatoci biyu da kuɗi iri biyu. Talakawa dai ba su ɗauki layin da nauyin da masu mulki suka ɗauke shi ba. Mata sun ci gaba da zuwa wankan gida da ganin gida a tsallake, maza sun ci gaba da cin kasuwanni da halartar jana'iza da suna, kuma a shekarun da aikin tilas da harajin Faransa suka tsananta, sanayyar da aka raya ta hanyar ziyara ce ta ba mutanen arewacin layin masauki a kudancinsa.

Tsarin gaisuwar ya cancanci a tsaya a kansa. Baƙo kan yi sallama a ƙofar zaure, wato ɗakin shiga gida inda maigida ke karɓar maza, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa kafin a tambaye shi komai, sau da yawa a biyo da ƙwaryar fura, wadda a karin harshen yankin ake ce wa hura, kamar yadda ake cewa lahiya a maimakon lafiya. Daga nan tambayoyi kan biyo juna: kwana ko wuni, gajiyar hanya, mutanen gida, yara, aiki, ruwa idan damina ce ko sanyi idan hunturu ne, sannan bisashe, wato dabbobin da mutum ya mallaka. Amsar kowace tambaya alheri ce, ko da kuwa an bar majinyaci a kwance, domin ladabi bai yarda a jefa wa mutum mummunan labari yana tsaye ba. Sai an natsu, an ɓare goro, an sake gaisawa karo na biyu, sannan gaskiyar al'amari ke fitowa a hankali: cewa tsohuwa ta kwana biyu ba ta fita tsakar gida ba, ko ambaliyar Rima ta cinye shinkafar fadama, ko an sayar da saniya saboda asibiti. Mai gida da ya san aikinsa tun daga muryar baƙo da jinkirin amsarsa yake gane inda matsala take, ya kuma san ko ziyarar ta zumunci ce zalla ko akwai buƙatar da ake jin nauyin faɗa.

Abota a nan tana da matakai sanannu. Amini shi ne abokin da ake ba sirri, wanda yakan zama babban aboki ranar aure, yana kuma da ikon shiga tsakanin miji da mata. Mata suna da ƙawance, wanda ake ƙulla shi da musayar kyauta, suna kuma da biki, wato gudummawar da mace kan kai wa ƙawarta a aure ko suna bisa sanin cewa za a mayar mata da fiye da haka idan nata ya zo. Masanin Faransa Guy Nicolas, wanda ya yi dogon bincike a kwarin Maraɗi, ya nuna a littafinsa na 1986 cewa irin wannan musaya tana ɗauke da kaso mai yawa na dukiyar da ke zagayawa a tsakanin jama'a, ta yadda raba ta da tattalin arziki kuskure ne. Sai kuma wasan barkwanci tsakanin ƙabilu, wanda na Gobirawa da Yarbawa ya fi shahara, kuma ya sauƙaƙa wa Bagobiri zama a Ibadan da Legas.

Cin rani, wato tafiyar da manoma kan yi bayan girbi don neman kuɗi da rage wa rumbu nauyi, ya ƙara wa wannan al'ada armashi a ƙarni na 20. Binciken Mansell Prothero a Lardin Sakkwato a 1952 zuwa 1953 ya nuna dubban ɗaruruwan mutane suna fita a rani ɗaya, wasu zuwa Kurmi, wasu har ƙasar da ta zama Ghana. Mai komowa gida ba ya shigowa hannu rabbana, sai da tsaraba ta goro ko atamfa ko sabulu, kuma kwanakinsa na farko sukan ƙare a zagayen gaisuwa, yana yi wa waɗanda aka yi wa rasuwa bayansa ta'aziyya, yana yi wa masu haihuwa barka, da dare kuma a dandali samari su kewaye shi suna jin inda aiki yake da wanda za a sauka wurinsa.

Maganar lafiya kuwa ta fi kowace cin lokaci a hirar abokai, domin kafin asibitoci su yawaita, ilimin kula da jiki yana yawo ne daga baki zuwa baki. A nan ake shawartar juna kan kwaɗon zogale da tafasa, da kunun kanwa ga mai jego, da kunun tsamiya ga mai buɗa baki, da lokacin da ya dace a kira wanzami ya yi ƙaho, wato tsotse jini da ƙahon dabba, ko ya yi wa yara kaciya, wadda aka fi so a yi da sanyi. Mutanen da suka ga agana kafin a kawar da ita, suka sha fama da kurkunu daga ruwan tafki kafin a tabbatar a 2013 cewa Nijeriya ta rabu da shi, suka kuma ga sanƙarau na 1996, ba su tambayar lafiya da wasa. Sai dai adalci ne a faɗi cewa hanyar da ke ɗaukar shawara mai amfani ita ce ke ɗaukar marar amfani, domin cire belun jarirai ya daɗe ne da ƙarfin shawarar makusanta, jita-jitar da ta dabaibaye rigakafin shan inna tun daga 2003 ma a majalisun abokai ta sami masauki, kuma a can ɗin aka rinjaye ta bayan da sarakuna da malamai suka sa baki.

Tambayar bisashe tana da nata tarihin. Ajiye dabba don sha'awa kawai, kamar yadda ake yi a biranen Turai, ba shi da ƙarfi a nan, amma hakan ba ya nufin babu ƙauna, sai dai ƙaunar tana tafiya ne tare da amfani. Doki shi ne kan gaba, domin da dawaki Gobir ta yi sunanta a fagen fama, kuma bayan yaƙi ya ƙare doki ya koma abin ado na hawan Sallah, ana ba shi dawa da harawa da kanwa, a wanke shi a gulbi, aboki kuma ya zo musamman don ya gan shi a turke. Ragon layya ma haka: a sayo shi watanni kafin idi, balami ko uda, a ɗaure shi a inuwa ana ba shi dusa da kowar wake, yara su saba da shi har ranar yanka ta zame musu ranar kuka. Jar akuya, wadda ake dangantawa da Sakkwato da Maraɗi, wadda kuma fatarta ta ratsa Sahara ta isa Turai da sunan fatar Maroko, dukiyar mata ce, kuma mace kan ba ƙawarta ’yar akuya kiwo a raba abin da ta haifa, wanda ya sa tambayar lafiyar akuyar ta zama tambayar ajiya. Samari suna da tantabaru, mafarauta da makiyaya suna da karnuka, abin da mazhabar Malikiyya ta yarda da shi don farauta da tsaron dabba da gona, kyanwa kuma tana tsaron rumbu daga ɓeraye ba tare da kowa ya ce tasa ce ba. Annobar shanu da ta iso yammacin Afirka wajen 1890 ta kuma hallaka mafi yawan garkuna, da farin 1973 da na 1984, sun koya wa jama'a cewa gidan da dabbobinsa suka faɗi, mutanensa na biye.

Wayar salula, wadda ta shigo Nijeriya a 2001, ta sauya yanayin gaisuwa, ta yadda ɗan cin rani a Legas yakan bi jerin tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya har katinsa ya ƙare. Amma abin da ya fi yi wa al'adar illa shi ne rashin tsaro. Satar shanu da garkuwa da mutane sun kwashe bisashen da ake tambaya, tun daga 2019 kuma dubban mutanen yankin suka tsallaka zuwa Jihar Maraɗi, inda da yawa suka sauka a gidajen dangi da abokai kafin hukumomin agaji su iso. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, a Satumbar 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Sakkwato, ciki har da Isa da Sabon Birni. A Disambar 2021 aka ƙone matafiya a cikin mota a yankin, a Agustan 2024 kuma ’yan bindiga suka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, bayan sun sace shi a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take, ga shi kuwa a yau mutum a Sabon Birni yakan yi Sallah ba tare da ya taka ƙauyen mahaifarsa ba, kuma al'adar da ta tsira daga faɗuwar Alkalawa da layin Turawa ba za ta koma yadda take ba sai hanyoyin da ke tsakanin garuruwan nan sun zama na bi cikin aminci.