Koyon Sana'a da Hannu a Potiskum: Daga Maƙera zuwa Ɗakin Kwamfuta

Tun kafin zuwan makarantar boko, Bolawa da Ngizimawa da Karekare suna koyar da sana'a a bakin aiki, inda yaro zai zauna gaban maƙeri ko masaƙi ko baduku shekara da shekaru, yana zuga yana miƙa kaya, har hannunsa ya faɗa maigida ya yaye shi. Bayan fadar Sarkin Fika ta koma Potiskum a 1924, garin ya bunƙasa a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, kuma kasuwar shanu da zirga-zirgar manyan motoci suka haifar da kanikanci da walda, waɗanda su ma suka bi wannan tsari na maigida da yaransa.

Koyarwar ta ƙara samun gurbi a aji da tsarin 6-3-3-4 na 1982, wanda ya raba karatu zuwa shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a, ya kuma wajabta darasin fasaha a ƙaramar sakandare. Ƙarancin malaman darasin ya sa gwamnatin tarayya ta buɗe ƙarin kwalejojin ilimi na fasaha, ciki har da ta Potiskum a ƙarshen shekarun 1980, tun garin yana cikin Jihar Borno, kafin a ƙirƙiro Yobe a 1991. Shirin SIWES kuwa, wanda hukumar ITF ta fito da shi a 1973, yana tura ɗalibai masana'antu na wasu watanni, domin kada su tsaya ga abin da ke kan allo.

Zuwan wayar salula a 2001 da yaɗuwar intanet daga baya sun kawo sabuwar sana'a, wato tsara shafukan intanet bisa sauƙin mai amfani da su, fannin da masani Don Norman ya yayata sunansa a kamfanin Apple cikin shekarun 1990. Fannin ba ya koyuwa da lacca kaɗai, sai ɗalibi ya zana shafi, ya miƙa wa mutum, ya lura da inda ya rikice, sannan ya gyara, kamar yadda baduku ke auna ƙafa kafin ya yanka fata. A gari irin Potiskum, ma'aunin shafi shi ne ko dillalin shanu mai ƙaramar waya, wanda Hausa ce harshen cinikinsa, zai iya biyan buƙatarsa ba tare da ya nemi ɗan jagora ba.