Tawagar Gaggawa Ta Magance Toshewar Jijiyar Huhu

Toshewar jijiyar huhu tana faruwa ne idan jini ya daskare, galibi a jijiyoyin da ke can cikin ƙafa ko cinya, sannan gudan jinin ya ɓalle, ya ratsa zuciya, ya maƙale a jijiyar da ke kai jini huhu. Alamominta sun haɗa da sarƙewar numfashi farat ɗaya, ciwon ƙirji, saurin bugun zuciya, tarin jini, wani lokaci har da suma. Haɗarin ya fi yawa ga wanda aka yi wa tiyata, mai doguwar jinya a kwance, mai juna biyu ko jego, mai ciwon daji, da wanda ya yi doguwar tafiya a zaune.

Asalin tawagar

Cutar ta shafi fannonin likitanci da dama, kuma kowane ƙwararre yana da hanyar da ya fi sabawa da ita. Neman shawararsu ɗaya bayan ɗaya na cin lokaci, alhali babban gudan jini na iya kashe mutum cikin sa'o'i kaɗan. Wannan ne ya sa Asibitin Massachusetts General da ke Boston a Amurka ya kafa tawaga ta farko a 2012, wadda aka fi sani da PERT. A 2019 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Turai ta shawarci asibitoci su duba yiwuwar kafa irinta gwargwadon ƙwararru da kayan aikin da suke da su.

Yadda ake kafa ta

Tawagar kan ƙunshi likitocin sashen gaggawa, na zuciya, na huhu, na jini, na hoton jiki, na sashen kulawa ta musamman, da likitocin tiyatar zuciya da jijiyoyi, tare da ma'aikatan jinya da masana magunguna. Ana ware lambar waya guda wadda ke aiki dare da rana, a naɗa jagora, a kuma rubuta ƙa'idar da ke fayyace lokacin da ya kamata a kira.

Yadda take aiki

Da zarar an kira, mambobin kan tattauna nan take, ko da ta waya ko intanet. Sukan duba hoton ƙirji na na'urar CT, hoton zuciya, gwajin jini da awon ƙarfin jinin majinyaci, domin auna girman haɗarin. Wanda jikinsa bai tsananta ba, maganin tsinka jini kamar hefarin kan wadatar masa. Wanda jininsa ya faɗi ƙasa kuwa, ana iya yi masa allurar narkar da gudan, ko a zura siririn bututu ta jijiya a cire shi, ko a yi tiyata. Allurar narkarwar na iya haddasa zubar jini mai tsanani, har a ƙwaƙwalwa, shi ya sa ba a barin likita ɗaya da wannan shawara.

Bayan sallama, majinyaci kan ci gaba da shan maganin tsinka jini na aƙalla wata 3, yana komawa asibiti domin a binciki musabbabin daskarewar, a kuma tabbatar huhunsa ya washe.