Cutar fararen ɗigo a jikin kifi

Cuta ce da wata ƙaramar ƙwaya mai suna Ichthyophthirius multifiliis ke kawowa kifin ruwan daɗi, irin su karfasa da tarwaɗa. Wani Bafaranshe, Fouquet, ya bayyana ta a 1876. A ƙasar Kurfai, kewayen Filinge cikin jihar Tilaberi, inda babu kogi, ta fi shafar mai kiwon kifi a tabki ko a kwarmin siminti.

Alamarta ɗigo fari kamar an barbaɗa gishiri. Kifin ya riƙa goga jikinsa, ya bar cin abinci.

Inda ake yawan kuskure shi ne magani. Muddin ƙwayar na cikin fatar kifi, magani ba ya kai mata. Sai ta ƙoshi ta faɗo ƙasan ruwa, ta rarrabu ɗaruruwa, 'ya'yan su fito neman wani kifi. A lokacin ne kaɗai ake iya kashe su. Shi ya sa ake maimaita gishiri ko fomalin kwanaki a jere, ko da ɗigon ya ɓace. Wanda ya tsaya da wuri, cutar ta dawo.

Kifin teku da ake ajewa a akwatin gilashi don ado yana da tasa irin, Cryptocaryon irritans. Can rage gishirin ruwan ake yi, ko a sa sinadarin jan ƙarfe, amma a wani akwati dabam, domin yana kashe murjani.

Sababbin 'ya'yan kifi kuwa, a ware su makonni kafin a haɗa su da sauran.